Jinin District 9 da takardar tashi da ke cikinsa

A watan Satumban 2009 marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda take ministar yaɗa labarai a lokacin, ta umarci gidajen silima na Abuja su daina nuna fim ɗin District 9, ta kuma buƙaci kamfanin Sony mai rarraba fim ɗin ya nemi afuwar Najeriya tare da cire duk inda aka ci mutuncin 'yan ƙasar. Umarnin bai hana fim ɗin yawo ba. Masu faifan CD na kasuwar Alaba da ke Legas suka ci kasuwarsu, daga baya ya koma cikin wayoyi, kuma har yau a kan ci karo da shi a gidajen kallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ranar da babu ƙwallo. Duk inda aka sa shi sai an tashi da gardama. Wasu jinin ne ya dame su, wasu zagin Najeriya ne ya ƙona musu rai. Ni a ganina kowane ɓangare yana da hujjarsa, sai dai gardamar kan tsallake wurin da ya fi shafar mazaunin Legas, wato inda ma'aikaci yake bi ƙofa-ƙofa da takarda a hannu yana neman a sa masa hannu.

Ga wanda bai kalla ba, labarin a taƙaice shi ne: wani ƙaton jirgin sararin samaniya ya zo ya tsaya cak a saman birnin Johannesburg a 1982. Da aka fasa shi sai aka tarar da halittun wata duniya sama da miliyan guda, yunwa da cuta sun galabaita su. Aka sauko da su, aka killace su a wani sansani da waya mai ƙaya, sansanin ya rikiɗe ya zama unguwar bukkokin kwano da bola. Mutanen gari suka laƙaba musu sunan jatan lande saboda kamanninsu. Bayan shekara ashirin da ɗoriya gwamnati ta ba wani kamfanin makamai mai suna MNU kwangilar kwashe su zuwa wani sabon sansani can nesa da idon jama'a. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Wikus, ɗan ƙaramin ma'aikacin ofis mai fara'a, surukin babban manaja. Wani baƙin ruwa ya fantsamar masa a fuska, jikinsa ya fara juyewa zuwa irin na halittun da yake kora, nan take kamfanin nasa ya mai da shi abin gwaji. Neill Blomkamp, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ya ba da umarni, Peter Jackson ya ɗauki nauyi. An kashe wajen dala miliyan 30, ya tara sama da miliyan 200, ya kuma shiga takarar kyautar Oscar a rukuni huɗu.

Batun jini gaskiya ne, yana da yawa. Bindigar baƙin idan ta sami mutum tarwatsa shi take yi, nama ya fallatsa har kan gilashin kyamara. Akwai inda farcen Wikus yake ɓantalewa yana kallo, akwai inda haƙoransa suke zuba. Na taɓa zama a wani gidan kallo a Agege aka sa shi, benci cike da 'yan acaba da masu tura ruwa da 'yan dako. Duk sanda aka tarwatsa sojan haya sai ɗakin ya ɗauki ihu da tafi. Da aka zo wurin farcen, wani dattijo mai sayar da goro ya miƙe yana salati, ya ɗauki farantinsa ya fita, yana cewa bai ga dalilin da zai biya kuɗinsa ya sayi tashin zuciya ba. Ban ga laifinsa ba. Fim ne da bai kamata a sa wa yara ba, kuma masu gidajen kallo da ke barin 'yan shekara goma su shiga irinsa suna zaluntar iyayen yaran.

Amma a wannan zaman akwai inda ɗakin ya yi tsit, kuma wurin babu ɗigon jini. Wikus ne yake ƙwanƙwasa ƙofar bukka, sojoji a bayansa, motoci masu sulke a layi, yana murmushi yana bayanin cewa doka ta ce a ba su sanarwar sa'o'i 24. Wanda ya doke takardar da hannu sai a ce ai shi ke nan ya sa hannu. Wanda ya iya karatu ya ce wannan ba bisa ƙa'ida ba ne, sai a yi masa barazanar ƙwace ɗansa. Wani matashi ɗan acaba da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Malam, wallahi haka suke zuwa. Da asuba suke zuwa." Bai ƙara kalma ba, ni ma ban tambaye shi inda abin ya same shi ba.

A wani wurin kuma aka nuna Wikus ya sa an cinna wa wata bukka wuta, cikinta ƙwayayen halittun ne da ba su ƙyanƙyashe ba, yana dariya yana kwatanta fashewarsu da ta gugguru. A nan ne na gane amfanin jinin da ke fim ɗin. Wikus mutum ne da ba ya ganin abin da yake yi a matsayin kisa, aiki ne kawai na ofis. Sai da nasa jikin ya fara lalacewa, sai da aka ɗaure shi aka tilasta masa harbe wata halitta mai rai don a gwada bindiga, sannan ya fara cewa a'a. Mai fim ɗin ya san yawancin masu kallo haka suke: ba sa jin zafin abu sai an kawo shi kan fata. Wanda ya kau da kai daga farcen amma ya kalli ƙona ƙwayayen ba tare da gabansa ya faɗi ba, shi aka yi wa fim ɗin.

Sai ɓangaren da ya fusata ministar, kuma a nan ina tare da masu fushi ɗari bisa ɗari. 'Yan Najeriyan da ke cikin fim ɗin 'yan daba ne da suka kafa sansani a unguwar, suna sayar wa halittun abincin kyanwa na gwangwani da tsadar tsiya, suna dillancin makamai, matansu na karuwanci da baƙin. Shugabansu gurgu ne a keken guragu, bokanya ta gaya masa idan ya ci naman halittun zai sami ƙarfinsu, har ya kai ga neman yanke hannun Wikus ya cinye. Sunansa Obesandjo, kuma a lokacin shekara biyu da 'yan watanni ke nan da saukar Olusegun Obasanjo daga mulki. Wanda ya fito a matsayin ma ɗan Malawi ne, Eugene Khumbanyiwa.

Masu kare fim ɗin sukan ce ai Turawan kamfanin sun fi kowa mugunta a ciki, sukan kuma ce finafinan kudancin Najeriya sun daɗe suna nuna tsafin kuɗi da sassan jikin mutum, don me za mu yi kuka idan wani ya maimaita. Hujjar ba ta gamsar da ni. A cikin Turawan akwai mai imani, akwai matar da ke jiran mijinta, akwai shi kansa Wikus da ya sauya. A cikin halittun akwai Christopher, uba mai hankali da ke tarairayar ɗansa. A cikin 'yan Najeriya babu mutum ɗaya tak da aka ba shi zuciya. Ga kuma lokacin da abin ya zo. A watan Mayun 2008 aka fara farautar baƙi a unguwar Alexandra ta Johannesburg, rikicin ya bazu, aka kashe mutum 62, dubbai suka rasa matsuguni. Fim ɗin ya fito bayan shekara guda da 'yan watanni, a ƙasar da ake jingina wa ɗan Najeriya duk wata ƙwaya da damfara. Mai fim ɗin ya nemi mu tausaya wa baƙon da aka ƙirƙira da kwamfuta, sannan ya ɗauki baƙo na gaskiya, mai iyali da haya a unguwar Hillbrow ta Johannesburg, ya ƙara masa baƙin jini. Wannan babban aibi ne, kuma kyawun sauran aikin bai wanke shi ba.

Duk da haka hana kallon kuskure ne. A shekarar ce ministar ta ƙaddamar da shirin gyara sunan Najeriya a idon duniya, don haka hankalin gwamnati ya tafi ga abin da za a ce game da mu a waje. Sakamakon shi ne duk muhawarar ta tsaya a kan Obesandjo, ba wanda ya tsaya ya tambayi daga ina Blomkamp ya samo labarin unguwar. Daga District Six ya samo shi, wata unguwa a Cape Town da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana a matsayin ta farar fata zalla a 1966, aka kwashe mutum sama da 60,000, katafila ta baje gidajensu. Bukkokin da aka ɗauki fim ɗin a cikinsu kuwa na gaske ne, a Chiawelo da ke Soweto, kuma a daidai lokacin ana kwashe masu su zuwa wani wuri.

Wane ɗan Legas ne zai ji wannan ya ce baƙon labari ne? A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko kwana bakwai, sannan aka rushe unguwar, kimanin mutum 300,000 suka watse. Filin yau yana cikin mafi tsada a Najeriya. A Yulin 2012 sa'o'i 72 aka ba wani sashe na Makoko. Aka yi na Badia East a Fabrairun 2013. Daga Nuwamban 2016 zuwa Afrilun 2017 aka kori mutanen Otodo Gbame da ke gaɓar ruwan Lekki, waɗanda ƙungiyar Amnesty International ta ce sun haura 30,000, wasu suka kwana cikin kwale-kwale da 'ya'yansu. A Yunin 2017 babbar kotun jihar Legas ta yanke cewa korar mutane haka, ba tare da an tanadar musu wurin zama ba, ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin bai hana a kori mazauna Tarkwa Bay a Janairun 2020 ba.

Gwamnati tana da abin da take faɗa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Akwai ambaliya, akwai gidajen da aka gina ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, akwai ɓata-gari da ke fakewa a irin waɗannan wurare. Birni mai wannan yawan jama'a ba zai tafi babu tsari ba. Abin tambaya shi ne ina mutanen za su kwana daren ranar, kuma wa zai gaji filin bayan shekara biyar. Idan amsar ta farko ita ce ƙarƙashin gada, ta biyu kuma rukunin gidajen masu kuɗi, to maganar tsaro da tsafta ta zama mayafi kawai.

Mu Hausawan Legas mun san ɗanɗanon wannan ta wata fuskar. Kakannin wasunmu sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro, amma har gobe da an sami matsala sai a tuna mana cewa baƙi ne mu. A Agustan 2019 aka tare matasa 123 'yan Jigawa da suka shigo da baburansu a babbar mota, aka tsare su, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba. A Mayun 2022, bayan kisan gillar da aka yi wa wani matashi injiniyan sauti a Lekki, aka sake haramta acaba a manyan sassan birnin, aka riƙa niƙe baburan da aka kama. Waɗanda suka yi kisan sun cancanci hukunci mai tsanani. Amma mutum nawa ne suka rasa abin da suke aika wa gida saboda laifin da ba su san an yi ba? Shi ya sa ɗan acaban nan ya gane wurin takardar tun kafin a fassara masa Turancin.

Sai dai ba daidai ba ne mu zauna a bencin waɗanda aka zalunta kawai. Laifi tudu ne. A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin makonni su bar ƙasar, aka kori sama da mutum miliyan guda, akasarinsu 'yan Ghana, kuma daga nan Legas da yawansu suka yi cincirindo zuwa tashar Apapa da iyakar Seme. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci suna mayar wa juna, yara ƙanana, kowace jiha na cewa ba nata ba ne. Da yawa daga cikinmu mun ce ai gara haka. A Satumban 2019 kuma, da aka sake far wa baƙi a Afirka ta Kudu, wasu a Legas suka huce a kan kantunan kamfanonin can, alhali ma'aikatan ciki da masu hayar shaguna 'yan Najeriya ne.

Abin da nake so daga masu shirya finafinai na Kano da na Legas shi ne su daina jiran wani daga waje ya ba da labarinmu sannan mu yi kuka da yadda ya bayar. Mutanen Maroko da yawa suna raye, wasu a Ilasan da Ikota inda aka zube su, kuma za su iya nuna inda gidajensu suke a da. Labarinsu ba ya buƙatar dala miliyan 30 ko jirgin sararin samaniya. Daga majalisar dokokin jihar Legas kuwa, abin nema shi ne doka a rubuce da za ta hana katafila shiga kowace unguwa sai an ƙidaya mazaunanta, an zauna da su, an kuma nuna musu wurin da za su koma, kamar yadda kotu ta riga ta faɗa tun 2017. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna da kunnen gwamnati lokacin zaɓe, kuma wannan buƙata ce da za su iya haɗa kai da mutanen Makoko su kai ta Alausa, fadar gwamnatin jihar, tun kafin a sake liƙa wa wata unguwa takarda.