Shaidun da muke zubarwa a bola

Ranar Asabar da ta wuce muka buɗe adakar Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, a gidanmu na Gangare, cikin Jos. Tun rasuwarsa babu wanda ya iya taɓa ta, sai da Yaya ta ce zaman ya isa haka, a fito da kayan a ba mabuƙata. Riguna ne da huluna da carbi. Can ƙasa kuma ga wani ƙunshi ɗaure da tsumma, ambulan ne zalla, duk sun yi ja saboda daɗewa. Kafin in ankara ɗan Yaya ya jefa su cikin kwandon shara.

"Kawu, waɗannan ai tarkace ne. Ko a kai kicin a hura gawayi da su?"

Na ce ya miƙo mini. Da na kwance ƙunshin sai ya sa yatsa a kusurwar wani ambulan ya ce, "Kawu, wannan ɗan hoton fa, ado ne?" Yaron nan ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, amma bai taɓa lasar kan sarki ya manna a takarda ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mu da muka yi layi a gidan waya na titin Ahmadu Bello muka sayi abin da hannunmu, mu ne ba mu taɓa zaunar da su mun gaya musu ko mene ne ba.

Kan sarki dai shaidar biya ce. Ka biya kuɗin kai wasiƙa, an ba ka ɗan rasit mai danƙo a baya, ka manna shi a inda duk ma'aikacin da takardar ta bi ta hannunsa zai gani. Kafin 1840 ba haka ake yi ba a Ingila. Yawanci wanda aka aiko wa shi ke biya, kuma kuɗin yana hawa ne gwargwadon nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Talaka sai ga wasiƙar ɗansa a bakin ƙofa, ba shi da abin fansar ta, a juya da ita yana kallo. Wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya zauna ya yi lissafi a 1837, ya gano ɗaukar takardar daga gari zuwa gari ba shi ne ke cin kuɗi ba, abin da ke ci shi ne lissafe-lissafe da bin mutane gida gida ana karɓar kuɗi. Sai ya ce mai aikawa ya biya tun farko, farashi ɗaya, ko'ina takardar za ta cikin ƙasa. Ranar 6 ga Mayu 1840 kan sarki na farko a duniya ya fara aiki, baƙi ne, na kwabo ɗaya, da hoton kan Sarauniya Victoria. Guda 240 ake bugawa a falle ɗaya, domin a lokacin kwabo 240 ke yin fam guda, kuma da almakashi ake yanka su. Ɗan tsagin nan na gefe da ke sa a yage cikin sauƙi sai a 1854 ya shigo.

A cikin labarin nan abin da ya fi kama ni shi ne farashi ɗaya. Wanda ke ƙauye mai nisa da wanda ke maƙwabtaka da fada kuɗinsu ɗaya. Mu ma mun gaji wannan tsari: abin da za ka manna zuwa Bukuru shi za ka manna zuwa Sakkwato ko Fatakwal. Yau ka je tasha ka ba direba saƙo, abin da zai fara tambaya shi ne ina za shi, sannan ya dubi fuskarka ya yanka kuɗi.

Wani zai ce in da hoton sarauniya aka fara, me ya sa Bahaushe bai ce kan sarauniya ba? A ganina amsar tana cikin shekaru. Legas ta samu nata kan sarkin tun 1874, amma na Arewa sai a 1900 aka fitar, da kan Victoria, ita kuwa ta rasu a Janairun 1901. Daga nan sarakuna maza ne suka yi ta bin juna a jikin takardar, Edward na 7, George na 5, George na 6, har 1952. Shekara hamsin kakanninmu suna ganin kan namiji, suna ya zauna. Aka haɗe Arewa da Kudu a 1914 aka fara buga na Nijeriya guda, aka samu 'yancin kai a 1960 aka daina sa kan kowane sarkin Ingila, aka koma naira da kwabo a 1973, sunan yana nan daram har gobe.

To, ga abin da na tarar a ƙunshin Baba. Mafi tsufa a ciki na kakanmu ne, wanda ya zo daga Kano neman arziki a zamanin ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 har aka rufe layin a 1957. Adireshi da boko, da alama wani akawu ya rubuta masa, wasiƙar ciki kuma da ajami. Kan sarkin da ke jiki na kwabo biyu ne, daga jerin da aka fitar a 1953, kuma hoton aikin kuza ne a kansa. A jerin nan na kwabo ɗaya mahayan dawakin Barno ne, na ahu (kwabo ɗaya da rabi) gyaɗa, na taro (kwabo uku) gadar Jebba. Tun a 1936 ma an sa injin haƙar kuza mai shawagi a kan ruwa a jikin na ahu, shanun Fulani kuma a jikin na sule. Wato aikin da ya kawo kakanninmu wannan tudu, wanda ya bar mana tafkunan da ke zagaye da Bukuru da Barikin Ladi, an buga shi a 'yar takardar da ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba, ta zaga duniya. Na daɗe riƙe da ambulan ɗin ban iya magana ba.

Amma in kun tambaye ni, hatimin da aka danna a kan kan sarkin ya fi shi kansa daraja. Asalin aikin hatimi shi ne kashe kan sarki don kada a sake amfani da shi. Turawan ma sun sha fama da wannan: jan tawadar da suka fara dannawa a kan baƙin kan sarki tana wankuwa, mutane suna sake mannawa, dole a 1841 suka mai da kan sarkin ja, tawadar hatimi baƙa. Sai dai hatimi yana ɗauke da sunan garin da aka jefa takardar, da rana da wata da shekara. Ma'aikacin da ya danna shi bai san kakana ba, ba shi da wata manufa a kansa, aikinsa kawai ya yi ya wuce. Shi ya sa shaidarsa ke da nauyi. Wasiƙar ciki tana iya ƙunsar ƙari ko kara, hatimi kuwa abin da ya faru ya faɗa: ranar kaza, takarda ta tashi daga Kano, za ta hannun wane a Jos.

Ba kan sarki kaɗai ne a ƙunshin ba. Akwai rasit na wasiƙar rajista, wadda mai karɓa sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Akwai guntayen fosta oda, gefen da mai aika kuɗi ke yagewa ya ajiye, kuma da su na gane Baba ya yi shekaru yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi, abin da bai taɓa faɗa mana ba. Akwai shuɗiyar takardar jirgin sama mai kan sarki bugagge a jikinta, wadda ake rubutu a ciki a naɗe ta ta zama ambulan ɗin kanta. Akwai ambulan na wani kamfani da ba a manna masa komai ba, inji ne ya buga jan tambari da adadin kuɗin da aka biya. Sai kuma wadda ta sa gabana ya faɗi, takardar cinikin filin da gidanmu ke kai, an manna kan sarki a ƙasa, mai sayarwa ya sa hannu ya ratsa ta kansa, shaidu biyu a gefe. Haka ake ƙulla ciniki a da, kuma naira 50 ɗin nan da banki ke cira in kuɗin da aka tura ya kai 10,000 jikar wannan harajin ce. Takardar nan tana cikin abin da aka kusa hura gawayi da shi.

Ba na son tayar da tsohon miki, amma duk ɗan Jos ya san abin da wuta ta ci mana a 2001 da 2008 da 2010, ga gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002. Ana lissafa rayuka da dukiya, kuma su ne kan gaba, amma ba a lissafa takardu. Gidaje nawa ne adakarsu ta ƙone da duk abin da ke nuna yaushe suka zo, wa suka aura, da wa suka yi ciniki? Garin nan kullum ana gardamar wa ya daɗe, wa ya zo jiya. Ni ba don a ci gardama nake cewa a adana ba. A ƙunshin nan akwai wasiƙu daga abokan aikin Baba waɗanda ba Hausawa ba, ba Musulmi ba, suna tambayar lafiyar iyali, ɗaya ma yana ta'aziyyar kakarmu da Hausa mai daɗi. Ina so 'ya'yana su riƙe wannan a hannunsu su karanta, domin Jos ɗin da suka buɗe ido suka gani ba ta nuna musu ita ba. Wanda Allah ya tsare masa nasa takardun daga wuta, bai kamata ya kai su bola da hannunsa ba.

Na san za a ce zamani ya wuce nan. Gaskiya ne, ni ma ba na fatan a koma jiran mako biyu kafin a ji labarin rasuwa, kuma da waya nake rubuta wannan. Amma ku duba wayar hannunku, saƙonnin shekara goma da suka wuce suna ina? Waya ta faɗa ruwa, an sace layi, an manta lambar sirri, shi ke nan. Muryar mahaifiyata da ta riƙa turo mini ta WhatsApp ta tafi tare da wayar da ta lalace. Takardar kakana kuwa ta haura shekara sittin a cikin tsumma, kuma ga ta tana karantuwa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kun ci karo da irin waɗannan, kada ku ɓamɓare kan sarkin daga ambulan. Da yawa muna yara mun yi haka, muna jiƙawa a ruwa muna tarawa a littafi, ba mu san muna raba shaida da abin da take shaida ba. Ku bar shi da hatiminsa da adireshinsa da wasiƙarsa. Ku nisanta su da danshi da gara, kada a liƙa musu salatif, kada a kai su a narka musu leda. Ku ɗauki hoton gaba da baya. Na ajami kuma ku nemi mai karantawa tun dattawan da suka saba da irin wannan rubutun hannu suna raye. Ina ma a ce gidan tarihi na Jos, wanda ke tsaye tun 1952, ya ware ko kusurwa ɗaya don wasiƙun mutanen gari, iyalai su kawo kwafi, 'yan makaranta su zo su gani.

Jiya da la'asar na ɗauki ta ajamin na kai wa Gwaggo a Unguwar Rogo, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu Baba. Ɗan Yaya ne ya kai ni a mota, ya ce shi ma yana so ya ji. Idonta ya yi rauni, sai ta sa aka kira wani tsohon malami maƙwabcinta. Ya gyara tabarau ya fara: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga ɗan'uwansa wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Da ya kai inda mai rubutun ke cewa ya samu labarin an haifi 'ya mace, Allah ya raya, ga turmin atamfa nan tafe a hannun wani farke, sai Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce ya dakata.

"Ni ce," in ji ta. "Malam, koma baya ka sake karanta mini wurin."