Me Ya Sa Tarihin Garuruwanmu Yake Farawa Daga 1903?

Duk wanda ya zauna ya duba jerin kundayen digiri na biyu da na uku a sassan tarihi na jami'o'in Arewa zai ga wani irin take yana ta dawowa: tarihin gari kaza daga 1903 zuwa 1960, tarihin masarauta kaza a zamanin Turawa, dangantakar ƙabila kaza da maƙwabtanta daga zuwan Bature zuwa yau. Garuruwan nan da yawansu sun girmi 1903 da ɗaruruwan shekaru. Shekarar ce Turawa suka ci Kano da Sakkwato, kuma daga wajejen nan ne fayil-fayil ɗin da aka rubuta da Ingilishi suka fara yawa. Ɗalibin da Ingilishi kaɗai yake iya karantawa a nan bincikensa yake samun wurin tsayawa. A ganina, wannan ya nuna cewa abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida da makaranta shi ke yanke masa abin da zai bincika, tun kafin ya gana da malamin da zai duba aikinsa.

Su wane ne ɗaliban? Da yawansu malaman sakandare ne da na kwalejojin ilimi, da ma'aikatan gwamnati masu neman takardar da za ta ɗaga su. Akwai waɗanda lauya suka nema tun farko, aka ba su tarihi, daga baya suka so shi. Ban ga aibu a ko ɗaya ba. Sai dai kusan dukkansu ta hanyar boko zalla suka biyo, kuma matasan cikinsu sun tashi ne lokacin da aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, matakin da aka ɗauka a 2007, wanda sai a 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta dawo tana gyara shi. A gefe guda kuma, yaron da ya sauke Alƙur'ani, ya yi karatun zaure, ya iya karanta rubutun hannu na warash da ajami, idan ya shiga jami'a sashen Larabci ko na nazarin addinin Musulunci yake nufa. Can zai ɗauki littafin Shehu ko na Abdullahin Gwandu ya yi masa tahkiki, wato ya gwama kwafe-kwafensa ya tantance nassinsa, ya yi tambayoyin nahawu da na fiƙihu. Aiki ne mai daraja. Amma tambayar da mai tarihi zai yi wa takardar, wato wa ya rubuta ta, ga wa, a wane hali, me ya ɓoye, sau da yawa babu mai yin ta. Mai iya karanta takardar yana wannan gini, mai tambayar yana wancan, a harabar jami'a ɗaya.

Ba haka aka faro ba. Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, ya ɗauki tattara rubuce-rubucen Larabci a matsayin tushen aikin, kuma daga wannan tunani aka samu Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana takardun tarihi, a Kaduna a 1970. Murray Last, Bature ne, amma sai da ya koyi Larabci ya je Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu kafin ya rubuta littafinsa kan Daular Sakkwato da ya fito a 1967. Yusufu Bala Usman ya ɗauko tarihin Katsina tun daga 1400 ya kawo shi 1883, wato ya gama labarinsa kafin Bature ya iso. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa fatake har ƙasashen Gwanja da sauran Afirka ta Yamma. Shi kuwa Mahmud Modibbo Tukur fayil-fayil ɗin Turawan ya shiga, amma ya karanta su da idon mai tuhuma, ya fito da zaluncin mamayar daga bakin waɗanda suka aikata ta. Saboda haka takardun Turawa ba su ne matsalar ba, yadda ake karanta su ne, da kuma dogara da su su kaɗai.

Mu dubi takardar da ɗalibai suka fi ɗauka a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wato rahoton ƙiyasin haraji na gunduma. Wani matashin Di'o ne ya zaga ƙauyuka a kan doki, ya ƙirga gidaje da gonaki da shanu, ya rubuta yawan masaƙa da marina da maƙera, don a san nawa za a yanka wa kowa. A farkon rahoton akwai 'yan shafuka na tarihin wurin, waɗanda hakimi ko dagaci ya faɗa ta bakin tafinta, a gaban mutumin da ke da ikon tuɓe shi. Kowa ya san irin abin da ake faɗa a irin wannan zama: gidanmu ne ya kafa garin, waɗancan baƙi ne, iyakarmu ta kai har rafi. Sai ga ɗalibi bayan shekara ɗari ya kwafe shafukan nan, ya je fada ya yi hira da jikan hakimin, jikan ya maimaita masa labarin gidansu, ya dawo ya rubuta cewa majiya biyu sun tabbatar. Majiya ɗaya ce ta yi magana sau biyu. Alhali a garin akwai gafakar wani malami cike da wasiƙu da waƙoƙin ajami, akwai rajistar kotun alƙali da aka rubuta da Larabci, inda talaka da matar aure da bawa suke magana a kan gado da bashi da iyakar gona. Wannan ɗalibin ba zai iya karanta su ba, ba kuma a taɓa neman ya koya ba.

Abin da muke asara ke nan, kuma yana da yawa. Hanyar aikin Hajji ta ƙasa, wadda ta bar dubban Hausawa da Fulani a Cadi da Sudan, tana buƙatar mai Larabci. Tarihin Katsina bayan jihadi ba ya cika sai an bi gidan sarautar da ya koma Maraɗi, kuma takardun can da Faransanci suke, ga rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tara a cibiyar bincike ta Yamai tun zamanin masanin tarihin Nijar Boubou Hama. Bakatsinen da bai iya Faransanci ba a Jibiya bincikensa zai tsaya. Rikicin da ya cinye Zamfara yana da tarihin burtali da jangali da rabon daji, kuma wanda ya iya Fulatanci, ya tashi a ruga, zai ji abin da wani ba zai ji ba. Cinikin da matan kulle suke yi ta hannun yara 'yan talla, da adashinsu, da yadda suke tara kayan ɗaki, ɗaliba mace ce za ta iya shiga ɗaki ta zauna a ba ta labarinsa.

Maimakon a buɗe waɗannan ƙofofi, sassa da dama sun ƙara wa sunansu "hulɗar ƙasa da ƙasa" ko "diflomasiyya" don jawo ɗalibai. Na fahimci dalilin, domin iyaye suna tambayar aikin da za a samu da digirin tarihi. Amma sakamakonsa shi ne kundaye kan manufofin Najeriya na waje da aka haɗa daga jaridu da intanet, waɗanda ɗalibin kimiyyar siyasa zai iya rubutawa.

Za a ce, kuma da gaskiya a ciki, ɗan gida yana da son kai. Wanda ya rubuta tarihin masarautarsu yakan koma maroƙi, ko ya ji tsoron taɓa maganar bauta da rikicin sarauta don a garin zai kwana. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa horo ne da malami mai tsauri wanda zai riƙa tambayar ɗalibi wa ya faɗa masa, kuma me mutumin zai samu idan aka yarda da shi. Bala Usman ɗan gidan sarautar Katsina ne, hakan bai hana shi yin aikin da har yau ake dogara da shi ba.

Gyaran bai fi ƙarfin jami'o'inmu ba. A buɗe wa masu digirin Larabci da na harsunan Najeriya hanyar shiga digiri na biyu a tarihi, da shekara ɗaya ta koyon dabarun bincike. A wajabta wa mai neman digiri na uku ya nuna yana iya karanta harshe ɗaya bayan Ingilishi wanda bincikensa ke buƙata, Larabci ne ko ajami ko Faransanci, ko ya iya hira da Fulatanci ko Barbarci ba tare da tafinta ba. A bar malami daga sashen Larabci da malami daga sashen tarihi su duba ɗalibi ɗaya tare. Kuma ranar tantancewa, bayan an duba sakamakon digirin farko, a tambayi mai nema inda ya tashi, da sana'ar gidansu, da abin da yake iya karantawa. Majalisar kowace jami'a tana da ikon yin mafi yawan wannan da kanta, ba sai ta jira Abuja ba. Akwai kuma dalilin gaggawa, domin waɗanda suka yi aiki a En'e kafin a rushe ta a 1976, da waɗanda suka ga farin 1973 da girmansu, yanzu sun haura saba'in, kuma ɗaliban da ke aji a yau su ne na ƙarshe da za su iya yi musu tambaya.