Jiƙon tazargade ba maganin masassara ba ne

Damina ta sauka, sauro ya dawo, masu lasifika ma sun dawo. Ka bi ta gefen Kasuwar Dole da yamma, sai ka ji ana tallar jiƙon tazargade cikin robar ruwa, wai kwana uku masassara ta kama gabanta. Mai talla neman tuwonsa yake yi. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne 'yan bokon da ke ɗaure masa gindi da cewa ai maganin lokotoro ma daga wannan ganye aka samo shi.

Daga ɗan uwansa aka samo shi, Artemisia annua na ƙasar Sin, kuma ba a tukunya ba. Tu Youyou, wadda ta ware sinadarin artemisinin a 1972 har ta ci kyautar Nobel a 2015, sai da ta gano cewa zafin tafasawa na raunana sinadarin, ta koma tatsarsa da sanyi. Mu kuwa a nan dafa ganyen ake yi har ruwan ya yi baƙi, a ce ƙarfi ya fito.

A bar ma zancen dafuwa, ina awo? Ganyen wannan gona da na waccan ba su ɗauke da sinadari daidai, mai sayarwa kuma bai san nawa ke cikin robarsa ba. Artemisinin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan sa'o'i ya fita, shi ya sa ƙwayar asibiti ke haɗa shi da wani magani irin lumefantrine, mai tsayawa ya ƙarasa sauran ƙwayoyin cutar. Jiƙo sai ya taɓa su ya bar masu taurin kai su hayayyafa. An riga an ga masu jure artemisinin a Ruwanda da Yuganda. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin magani. Kafin a kai ga batun jurewar ma, yaron da aka yi wa kwana uku ana ɗura masa jiƙo shi ake rugawa da shi asibiti a rana ta huɗu jini ya ƙare.

Masu cewa duk sassaƙe da saiwa shirme ne, su je su tambayi asalin kinin: ɓawon itacen cinchona ne na Peru, aka ware shi a 1820.

Filaskon da ke fitowa a dajinmu, danginsa ake matsawa a yi ƙwayar sakin ciki, mu saya a farmasi da tsada. Muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram. A kai mata sabara da maɗaci ta auna, hukuma kuma ta karɓe lasifikar duk wanda ya kasa faɗin abin da ke cikin robarsa.