Wayar shekara shida, amma babu ramin memori

Tun da Samsung ya fito da Galaxy A56 da ƙanwarta A36 a watan Maris na 2025 nake kasa kunne in ji masu sharhin wayoyi sun ɗaga murya a kan ramin memori da aka toshe. Mafi yawan waɗanda na saurara a guje suka ambaci maganar, kamar mai isar da saƙon rasuwar da ba ta shafe shi ba, suka zarce zuwa kukan da suka saba: wai wayar ba ta caji sai da igiya, wai ba ta da kyamarar zuƙo nesa. Daga nan sai hukuncin da ya fi ɓata mini rai, cewa ai mai sayen matsakaiciyar waya bai damu da waɗannan abubuwa ba, shi dai a ba shi babbar fuska da batirin da zai kai shi dare.

Wa ya tambaye shi?

Ana haɗa abubuwa iri biyu a buhu ɗaya, kuma da gangan ake haɗa su. Akwai abin da ba a saka wa matsakaiciyar waya ba saboda tsadarsa: kyamarar zuƙo nesa, jikin ƙarfe mai daraja, injin da ya fi kowanne gudu, cajin ɗora-ka-bari. Wannan ba ni da ja a kansa. Wanda ya biya kuɗin akuya ba zai koma gida da raƙumi ba. Cajin da ba igiya ma ni ban taɓa ganin amfaninsa ga mutumin da wuta ke zo masa awa uku a rana ba, domin ya fi na igiya jinkiri a yawancin wayoyi, kuma wani kaso na wutar zafi kawai yake zama. Amma akwai abin da yake nan a da, mai arha, mutane na amfani da shi kullum, aka sa hannu aka cire: ramin memori, ramin iyafis, kan caja a cikin kwali, da rediyon FM. Na farko rashi ne. Na biyu ƙwace ne. Duk mai kiran su da suna ɗaya yana yi wa kamfanonin aikin da ba su biya shi ba, ko kuwa sun biya shi ba mu sani ba.

Ku dubi yadda abin ya gangaro. A watan Satumba na 2016 Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, wani babban jami'insa, Phil Schiller, ya hau dandamali ya kira hakan jarumta. A ranar, a wannan taron, aka gabatar da AirPods, iyafis ɗin Apple marasa igiya, a kan dala 159. Biri ya yi kama da mutum. A watan Oktoba na 2020 aka cire kan caja daga kwalin iPhone 12, aka ce don kare muhalli. Samsung ya yi wa Apple dariya a Facebook, yana tallan cewa shi nasa kwalin da caja a ciki. Ba a yi nisa ba ya goge rubutun, a watan Janairu na 2021 ya fito da Galaxy S21 ba caja, ba ramin memori. A lokacin mu masu ƙananan aljihu muka ce wannan rigimar manya ce, ba ruwanmu. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Galaxy A53 ta 2022 ta zo ba ramin iyafis ba kan caja. Google ya bi sahu a Pixel 6a a shekarar. Kafin 2024 ta ƙare, cutar ta sauko har kan A16 5G, wadda ita ma ta rasa ramin iyafis. Yanzu kuma memori.

Hujjar da aka fi jefa mana ita ce ruwa da ƙura: wai kowane rami ƙofa ce ta shigar ruwa. To ga Galaxy A52 ta 2021, ta wannan kamfanin dai, ta wannan layin dai. Tana da ramin iyafis, tana da ramin memori, ta zo da caja a kwali, kuma tana ɗauke da shaidar jure ruwa da ƙura ta IP67, irin wadda A56 ke taƙama da ita. Ko a 2021 ruwa bai iya shiga rami ba ne, sai daga baya ya koya? Sony ma bai daina sayar da jerin Xperia 10 da ramukan biyu da kariyar ruwa ba. Zancen ruwa zancen kanzon kurege ne.

Ainihin dalilin yana rubuce a jikin farashi. iPhone 16e, wadda Apple ya fitar a watan Fabrairu na 2025 a matsayin mai sauƙin kuɗi, ta fito ne a kan dala 599 idan mai giga 128 ce, dala 699 idan mai 256. Dala ɗari kenan a kan ƙarin giga 128, alhali katin memori mai wannan girman, na kirki ba jabu ba, ɗan kaso kaɗan na wannan kuɗin ake sayar da shi. Muddin ramin nan yana buɗe, ba wanda zai biya bambancin. Toshe shi kawai za a yi, mai saye ya shigo da ƙafarsa. In kuma ya ƙi, akwai ma'ajiyar intanet tana jiransa: Google na ba da giga 15 kyauta, daga nan sai biyan wata-wata har abada.

A nan ne nake ganin rainin hankalin ya kai maƙura. Samsung ya yi alƙawarin shekara shida na sabunta manhajar A56 da tsaronta, kuma wannan abin yabo ne, ba na ɓoyewa. Ya fi abin da yawancin wayoyin da suka cika kasuwanninmu ke bayarwa nesa ba kusa ba. Amma a tsaya a yi lissafi. An ce maka riƙe wayar nan shekara shida, an ba ka giga 128 wanda manhajar wayar ta riga ta ci wani yanki tun kafin ka buɗe kwali, sannan an liƙe hanya ɗaya tilo da za ka ƙara wuri. Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp huɗu ko biyar, na dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai da na masallaci, ya san yadda bidiyon biki da na wa'azi da na 'yan siyasa ke cinye waya a shekara guda. Kafin a kai shekara ta uku, mutum ya zama ma'aikacin share hotuna: a goge na sunan wancan yaron don a ɗauki na wannan. An ba ka shekara shida da hannun dama, an karɓe uku da na hagu.

Kwanakin baya na raka wani kawuna, tsohon malamin makaranta, kasuwar waya. Tsohuwar wayarsa ta faɗa kwata, ya ciro memorinsa ya naɗe a takarda ya sa a aljihun gaba, kusa da carbi. A cikin ɗan abin nan da bai kai farce ba akwai tafsirin azumi na shekaru da dama da ya tara, da hotunan jikoki, da muryar wani amininsa da ya rasu. Yaron shago ya zaro masa wata kyakkyawar waya ta wani kamfani, fuska kamar madubi, idanu uku a baya. Kawu ya juya ta, ya sake juyawa, ya warware takardarsa.

"Yaro, ina ake sa wannan?"

"Ai Baba wannan ba ta cin memori. Nata a ciki yake, ya ishe ka."

"To ina ramin abin kunne? Da shi nake jin labaran safe."

"Baba sai dai ka sayi na bulutut. Rediyo kuma ta intanet ake ji yanzu."

Kawu ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, wannan wayar ta fi tawa tsada, amma ta fi ta talauci." Ya mayar da memorinsa aljihu. Muka fito da wata da ba ta kai ta kuɗi ba, mai ramukanta cif.

Masu cewa mutane ba su damu ba, irin wannan cinikin ba ya shiga lissafinsu. Suna ƙirga wanda ya saya, ba sa ƙirga wanda ya ajiye ya fita, balle wanda ya saya bai sani ba sai da ya isa gida ya laluba gefen waya da allura. Kuma idan duk wayoyin da ke kan kanta a farashi ɗaya sun rasa abu ɗaya, sayen da mutum ya yi ba yarda ba ce; wanda aka kulle a ɗaki da kwano ɗaya, cin da ya yi ba shaidar daɗin miya ba ne.

Maganar rediyon nan kada a ɗauke ta da wasa. A yawancin wayoyi igiyar iyafis ita ce eriyar FM, don haka ranar da aka toshe ramin, rediyon ma yakan bi shi kabari, ba tare da an yi sanarwa ba. FM ba ta cin data ko kobo, ba ruwanta da ƙarfin sabis, batiri kaɗan take sha. Sauraro ta intanet kuwa kowane minti da kuɗinsa, a Najeriya, inda hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Injiniyan da ya zana wayar a Seoul ko Kalifoniya yana zaune ne cikin intanet na gida da na ofis da ba ya yankewa, shi ya sa a wurinsa memori da rediyo kayan tarihi ne. Mai sauraron shirin siyasa da daddare a Kano ko Maraɗi, ko mai zuwa wurin masu turi a cika masa kati da karatu da finafinai, ba ya cikin hoton da ke kansa. Shi kuma iyafis na bulutut, wani batirin ne da za ka yi wa caji, wanda bayan 'yan shekaru zai mutu ka jefar, a maimakon igiyar da ba ta neman komai sai a soka ta. Sannan a ce mana muhalli ake karewa.

Cajar ma haka. An ce ai kowa yana da tsohuwa a gida. A56 tana ɗaukar caji mai ƙarfin wat 45. Tsohon kan cajar da ke gidan yawancinmu bai kai rabin haka ba, wani ma ramin igiyarsa bai dace da sabuwar igiyar da ke kwalin ba. Sai mutum ya koma kasuwa, inda jabu ya fi na gaske yawa, ya sayo abin da zai dafa masa batiri. Kwali ɗaya ya zama biyu, leda ɗaya ta zama biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin da ake cusawa a gurbin waɗanda aka cire. A nan kamfanonin da suka mamaye kasuwarmu ba su da bakin yi wa kowa dariya. Gaskiya ne Transsion, uwar Tecno da Infinix da itel, ta ci Afirka ne da sauraron mai saye: layi biyu, batiri mai ƙarko, kyamarar da ta san baƙar fata, kuma har yau yawancin wayoyinta na zuwa da caja a kwali. Amma dubi bayan wayoyi masu matsakaicin kuɗi na kamfanoni da yawa: idanu uku, huɗu, ɗaya ne kawai ke aikin kirki, sauran masu megafiksel 2 ne da aka manna don ado, kyan ɗan maciji. Dubi kwali an rubuta RAM 8+8 da manyan baƙaƙe, wato girman ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da aiki da ita, alhali takwas ɗin na biyu aro ne daga ma'ajiyar wayar, wadda ba ta kusa da RAM na gaske a sauri. Akwai kuɗin saka idon da ba ya gani, babu kuɗin barin ramin da ke aiki. Abin da ke ɗaukar ido a kanta shi ake sakawa. Abin da sai an yi wata shida za a ji rashinsa shi ake cirewa, kuma a cikinsa har da shekarun sabunta manhaja, da ba kasafai yaron shago zai iya gaya maka adadinsu ba.

Za a ce wanda bai so ba ya sayi wata, kasuwa a buɗe take. Wannan magana ce ta wanda bai lura cewa kamfanonin layi suke bi ba, ɗaya na cirewa sauran na ƙirga watanni.

Wasu ƙasashen ba su tsaya jiran kasuwa ta ji kunya ba. A watan Satumba na 2022 ma'aikatar shari'a ta Brazil ta umarci Apple ya dakatar da sayar da iPhone marar caja, ta ci shi tarar kimanin miliyan 12 na real, kuɗin ƙasar, bisa hujjar cewa kaya ne da bai cika ba. Tarayyar Turai, daga 20 ga Yuni 2025, ta wajabta wa masu kawo wayoyi kasuwarta sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, da samar da kayan gyara na shekara bakwai, da batirin da zai jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Mu a nan kowace waya sai ta samu amincewar NCC kafin a sayar da ita bisa doka, kuma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ban ce su tilasta wa kowa huda rami ba. Su sa a rubuta a gaban kwali, da baƙaƙe masu girman na RAM 8+8 ɗin nan, abin da babu a ciki: ba caja, ba memori, ba rediyo, sabuntawa shekara kaza. Sai mu ga ko kamfanonin da ke rantsuwa cewa mai saye bai damu ba za su yarda a buga.