Giyar bogi da rugugin lasifika: me aka bar wa direba?

Tun da aka ba motar lantarki Hyundai Ioniq 5 N kambin motar gudu ta duniya ta shekarar 2024, bidiyonta bai daina yawo a wayoyin samarinmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra ba, kuma duk majalisar da aka ɗauko hirar mota sai an sami mai rantsuwa cewa magana ta ƙare, motar lantarki ta kamo tsofaffin motoci har a fagen daɗin tuƙi. Abin da suke yabawa kuwa shi ne ainihin abin da ke ɓata mini rai. Motar ba ta da giyar da ake canzawa, amma an rubuta mata manhajar da ke kwaikwayon giya takwas, tana ɗan yanke ƙarfin motar na ƙiftawar ido domin direba ya ji fizgar nan da ake ji idan giya ta shiga. Ba ta da injin fetur balle salansa, amma an jera mata lasifika goma, takwas a ciki biyu a waje, suna rugugi duk lokacin da aka taka totur. Kamfanin da ya kashe kuɗi da lokaci wajen ƙera wannan kwaikwayo ya riga ya amsa da bakinsa cewa an raba direba da wani abu mai daraja, kuma abin takaici ne a ce masu son mota ne da kansu ke tafa wa wannan musanya.

Lamarin bai fara da motar lantarki ba, an daɗe ana zare abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A 2011 BMW ta fitar da M5 wadda ake ƙara wa sautin injinta ta lasifikokin cikin mota, saboda turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da tulin kayan toshe ƙara sun danne muryar injin. A wannan shekarar ce Porsche ta cire sitiyari mai aiki da matsin mai daga motarta 911 ta sa na lantarki, don a ɗan rage shan fetur. Ferrari ta daina sayar da mota mai kuloci wajen 2012, Lamborghini ta bi sahu da ƙarewar Gallardo, Corvette ta Amurka kuma ta fito a 2020 ba tare da zaɓin giyar hannu ba. A 2024 Porsche ta cire allurar nan mai nuna juyawar inji daga tsakiyar dashbod ɗin 911 ta maye gurbinta da allo. Kowane mataki ya zo da hujjarsa, ko ta dokar hayaƙi ko ta saurin canza giya, kuma kowace hujja tana da ƙamshin gaskiya idan aka ɗauke ta ita kaɗai. Sai an haɗa su ne mutum zai ga cewa hannu da ƙafa da kunne duk an sallame su daga aiki.

Wanda bai taɓa hawa hanyar Aburi, garin da ke kan tuddan arewacin Accra, da mota mai kuloci ba zai yi wuya ya gane abin da nake nufi. Daga Ayi Mensah hanya ta fara hawa tana lanƙwasa a gefen dutse, kuma kafin kowace kwana direba yana da shawarar da zai yanke: ya taka birki, ya danne kuloci, ya ɗan taɓa totur domin juyawar inji ta dace da giya ta biyu kafin ya saki ƙafa. Idan ya daidaita, motar za ta shiga kwanar lami lafiya, idan kuma ya yi gaggawa za ta yi tsalle ta gaya masa nan take cewa ya yi kuskure. A tsakiyar kwanar sitiyari yana ƙara nauyi a tafin hannu gwargwadon yadda tayoyin gaba ke riƙe kwalta, kuma idan ruwan sama ya zubo yashi a gefen hanya, nauyin nan yana raguwa kafin ido ya ga komai, hannu ya riga ya san taya ta fara sulɓewa. Duk wannan labari ne na gaskiya da ke fitowa daga taya, ya bi ta ƙarfe, ya iso jikin mutum. Mahayin da ya ƙware yana sanin halin dokinsa ta linzami da cinyoyinsa tun kafin dokin ya zabura, kuma ba a kiran mutum mahayi don kawai yana zaune a kan sirdi wani yana jan ragama. A sabuwar mota mai ƙarfin gaske kwamfuta ce ke karɓar wannan labari, ita ke yanke shawarar yawan ƙarfin da kowace taya za ta samu, ita ke taka birkin taya ɗaya ba tare da sanin direba ba, sannan ta miƙa masa ɗan abin da injiniyoyi suka ga dama ya ji.

Babbar cutar da ba a son faɗa ita ce nauyi. Porsche Carrera RS ta 1973 tana da ƙarfin doki 210 kacal, samfurinta mara kaya bai kai tan ɗaya ba. McLaren F1 ta 1992, wadda ta haura kilomita 380 a awa, nauyinta bai kai kilo 1,200 ba, kuma ba ta da na'urar hana birki kullewa, ba ta da mai taimakon sitiyari, ba ta da mai hana taya zamewa. M5 ta ƙarshen shekarun 1990 tana da doki 400 da giyar hannu shida, nauyinta wajen kilo 1,800. M5 ta 2024 kuwa, da batirinta da injinta na lantarki, tana da doki 727 amma ta haura kilo 2,400, har ta kai ga wadda ta gabace ta ta fi ta saurin tashi. Ita Ioniq ɗin da ake ta kambamawa ta kai kusan kilo 2,200. Motar da ta kai wannan nauyi dole ne a ba ta faffaɗan tayoyi da manyan birki da tarin na'urori da za su ɓoye ƙibarta a kwana, kuma duk abin da aka ƙara domin ɓoye nauyin wani labule ne tsakanin direba da hanya.

Samarinmu sun haddace lamba ɗaya tak, wato sakan nawa mota ke ɗauka daga tsaye zuwa kilomita 100, kuma da ita suke yanke hukunci a kan kowace mota. Wannan ma'auni ne na wanda yake kallon mota a waya. A babbar hanyar Accra zuwa Tema, wadda tsawonta bai wuce kilomita 19 ba, iyakar gudun da doka ta yarda da shi 100 ne, a cikin gari kuma 50. Motar da ke kai 100 cikin sakan uku da rabi ta gama ba ka duk abin da doka ta halatta kafin ka sauke numfashi, kuma ba fasaharka ce ta yi aikin ba, domin ko yaron da ya karɓi lasisi jiya zai samu wannan lamba idan ya danne totur har ƙasa. Abin da ya fi muni shi ne irin waɗannan motoci an gina su ne yadda a gudun 80 ko 100 ba a jin komai, shiru suke kamar suna tsaye, sai an kai su gudun da ya ninka wannan kafin su fara motsi a hannu. Mai neman jin daɗin abin da ya saya da tsada zai je neman sa a can, a kan hanyar da ke da ramuka da tireloli da masu tsallakawa da ƙafa. Ƙaramar mota mara nauyi mai siraran tayoyi tana ba direba aikin yi a gudun 60, kuma ina ganin wannan ya fi dacewa da hanyoyinmu da rayukan waɗanda muke raba hanyar da su.

Za a ce sabbin motoci sun fi tsaro, kuma gaskiya ne, amma babu wanda ya nemi a cire jakar iska ko na'urar hana zamewa da Turai ta wajabta tun 2014, kuma babu dokar tsaron da ta ce a cire kuloci. Za a kuma ce cunkoson Circle da Kaneshie yana gajiyar da ƙafar hagu. Wanda wannan ne damuwarsa ya nemi Corolla mai otomatik, ba da shi ake maganar motar gudu ba.

Kasuwa ma ta riga ta ƙaryata masu cewa zamani ya wuce giyar hannu. Porsche ta fitar da GT3, samfurin 911 na masu son gudu, a 2013 da otomatik kaɗai, tana cewa ta fi sauri, masu saye suka yi ta ƙorafi. Da ta ƙera 911 R mai kuloci a 2016, guda 991 kacal, farashinta a hannun masu sake sayarwa ya ninka, kuma shekara ɗaya bayan haka giyar hannu ta dawo cikin GT3. Toyota ta ƙara wa Supra kuloci a 2022 bayan ta fara fitar da ita babu shi. Gordon Murray, wanda ya zana McLaren F1, da ya tashi ƙera T.50 sai ya koma ga giyar hannu da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, attajirai kuma suka wawashe ta. Abin da ke ba ni haushi a nan shi ne an mayar da abin da ke cikin kowace tsohuwar tasi kayan alfarma, sai mai kuɗin gaske zai same shi sabo a motar gudu, in ban da 'yan tsiraru irin su Mazda MX-5 da ta riƙe aƙidarta tun 1989.

Akwai kuma makanikanmu na Kokompe da masu kayan gyara na Abossey Okai, waɗanda wannan sauyi ya shafa kai tsaye. Tsohon masta yakan ɗora tafin hannu a kan sandar giya, ya karkata kunne, ya zagaya layi ɗaya da mota ya dawo ya gaya maka abin da ke damunta, domin motar da ke magana da direba tana magana da mai gyara ma. Sabuwar kuwa sai an jona mata kwamfuta, kuma sau da yawa amsar ita ce a cire akwati sukutum a yi odar wani daga waje da dala.

Ba na tsammanin kamfanonin Jamus ko Koriya za su sauya tsari saboda mu, amma akwai abin da ke hannunmu. Makarantun koyon tuƙi su daina barin ɗalibi ya fita bai iya tayar da mota mai kuloci a kan tudu ba. Hukumar kwastan ta duba yiwuwar ware tsofaffin motoci masu tarihi daga tarar da take ɗora wa duk motar da ta haura shekara 10 a tashar jiragen ruwa ta Tema, tun da ba ɗaya suke da gwanjon da ya gama aiki ba. Masu hannu da shuni da ke jera motocin alfarma a East Legon kuma su haɗa kuɗi a samar da fili killatacce a wajen gari, inda matashi zai koyi shiga kwana da taka birki a hannun wanda ya iya, ya bar hanyar Tema ga masu zuwa aiki.