Yadda 'yan sandan gidana suka cafke ni a wajen mai tsire

Hutun Disamba ne, sanyin Jos ya hana yara fita su kuma sun hana kowa sakat a gida, sai na ce bari in kunna musu wani tsohon fim da abokina ya turo min a waya ko a samu lafiya. Fim ɗin Jamus ne tun na 1931, baƙi da fari, sunan yaron Emil. Uwarsa ta ba shi kuɗi ya kai wa kakarsa a Berlin, ya maƙale su da allura cikin aljihun kwat, barci ya kwashe shi a jirgin ƙasa wani mai baƙar hula ya zare abinsa. Da suka sauka yaron ya bi sawunsa, ya haɗu da wani yaro mai hon, suka tattaro yaran gari suka yi ta bin mutumin har banki, a can hujin allurar da ke jikin kuɗin ya tona masa asiri. Duk gidan ba mai jin Jamusanci, ni ne tafinta, inda ban gane ba in cike da nawa.

Ashe babban ɗana ba kallo kawai yake ba, karatu yake ɗauka. Dama uwargida ta jima tana mitar wai kuɗin adashenta da take ɓoyewa cikin samira a saman kabad raguwa suke yi, ni kuma Allah ya sani rance nake ɗauka, sanar da mai kuɗin ne dai ban samu lokaci ba.

Washegari bayan isha'i na zari dubu biyu, na ja hular sanyi har kunne na nufi wajen mai tsirenmu a Bauchi Road. Ina tafe ina jin pom pom a bayana, in na waiga ba kowa sai ƙafafu a bayan wata keke napep da aka faka, na ce yaran unguwa ne da shirmensu. Na zaɓi tsinke mai kitse-kitse, an barbaɗa ƙuli da yaji har an naɗe a takarda, ina miƙa kuɗi kenan sai ga yara sun fi goma sun zagaye teburin, nawa da na maƙwabta, ɗaya riƙe da hon ɗin tsohon keke.

Ɗan nawa ko kallona bai yi ba ya ce, "Malam don Allah ɗaga kuɗin nan a fitila." Mai tsire, shi ma da son gulma, ya ɗaga. Wallahi ga huji uku reras a hular Aliyu Mai-Bornu, mai hoto a jikin takardar dubu ɗaya, haske na fitowa ta ciki. Autarmu kuwa ta buɗe murya iya ƙarfinta, "Mun kama ɓarawo!"

Duk wanda ya san bakin titi da daddare ya san wannan kalmar ba a wasa da ita. Masu napep suka fara taka birki, wani ƙato ya ajiye kofin shayinsa ya miƙe, ni ko duk sanyin nan sai ga zufa, na ɗaga hannu ina cewa jama'a ku tsaya 'ya'yana ne, kuɗin matata ne! Sai wani dattijo da ke kan benci ya ce, "Kai Alhaji, ai da ka bar shi a na banki da ya fi maka sauƙi." Wuri ya kaure da dariya.

Kuɗi dai yaron ya karɓe wai shaida ne, tsire kuma bashi na ci har da na rundunar gaba ɗaya, suka sa ni gaba har gida ana danna hon. Uwargida ta ƙirga kuɗinta tsaf ta ce sannu da zuwa maigida, ba ta ƙara komai ba, wanda ni gara ma ta yi faɗan. Sai yaron ya tuna mata ai a fim ɗin an ba Emil tukwicin dubu ɗaya, kuma da bakina na fassara musu wurin. Ta ce to Abbanku ne ya san kan fim ɗin, ku je ya biya ku.