Ba duk fim ɗin yaro da doki ne ɗaya ba

Marubucin wani labari da na karanta ya yi gaskiya da ya ce finafinan yaro da doki suna koya wa yara tausayi, amma ya yi musu kuɗin goro. Ku nemi fim ɗin The Black Stallion na 1979, wanda Carroll Ballard ya ba da umarni, daga littafin Walter Farley na 1941. Jirgin ruwa ya nutse, yaro Alec da wani baƙin ingarma jinin Larabawa suka tsira a tsibiri su kaɗai. Ana shafe kusan rabin awa ba a ce uffan ba. Yaron na miƙa masa ciyawar teku, dokin ya matso, ya ja da baya, ya sake matsowa. Duk wanda ya san barga ya san da lallashi ake samun yardar doki, ba da ihu ko bulala ba. Da yawa daga cikin finafinan yanzu kuwa, sai a sa doki yana jin magana kamar mutum, a cika kiɗa don dole sai mun yi hawaye.

'Yan Kannywood su ne ke ba ni mamaki, wallahi. Ga hawan Daushe, ga hawan Nassarawa, har UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024. Ga yaran barga masu ɗauko harawa da wanke dawakin masu sarauta tun asuba, waɗanda wani dokin ba ya yarda kowa ya sa masa linzami sai su. Amma mu kullum soyayya da rikicin kishiya ake nuna mana.